Batir a But Ɗin Lefe

Ranar da za mu kai lefen ƙanena garin Tozai, motar maigidana ta ƙi tashi. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ni ce uwar yaron nan, ni na haɗa kayan ɗaya bayan ɗaya, kuma ni zan buɗe su gaban dangin amarya. An ce mu iso kafin la'asar. Akwatuna na but, gwaggonmu na zaune a baya, mota kuwa sai ƙyas ƙyas. Da ƙyar maƙwabta suka tura ta ta kama.

Maigidan ya ce ba zai kashe ta ba sai Tozai. Zai tsaya bakin kasuwa ya sayi sabon batir, in mun isa ya ɗaura. Mai shagon ya fito da guda biyu ya ajiye a ƙasa. Ɗaya rufaffe ne ruf, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai. Ɗayan mai ruwa ne, da murafai jere a kansa.

"Alhaji, in ɗauka za ka yi cikin but, ɗauki ruhwahhen," in ji mai shago. "Ko ya kihe ba ya zuba."

Na leƙo ta taga na ce, "Malam, ka ji abin da ya ce."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce zafin garinmu Illela ba ya barin rufaffe, ranar da ya mutu ya mutu ke nan, sai juji. Mai ruwa kuwa ka buɗe ka gani da idonka, in ya sha ka ƙara masa. Gaskiya ne, na sani, ba yau ya fara tuƙi ba. Amma ni ba shekarun batir ne a gabana ba, atamfofina ne. Na sake magana, ya ce mi mace ta sani ga batir. Gaban mutane ne, sai na mayar da kaina cikin mota.

Mai ruwan ya saya. Mai shago ya cika shi da ruwan batir har baki, ya ɗaure murafan. Aka cusa shi gefen ƙaramin akwati, aka tokare da tsumma.

Daga barin kwalta hanya ta zama abin da ta zama. Duk ramin da muka faɗa sai na ji wani abu ya buga a baya. Na ce a tsaya a duba. Ya ce in ya rage wuta cikin yashin nan ta mutu, wa zai tura, ni ko Gwaggo? Can sai wani wari mai yaji ya fara shigowa. Gwaggo ta toshe hanci da mayafi tana salati ƙasa-ƙasa.

Muna tsayawa mata suka fito da guɗa, kafin in zagaya baya 'yan gidan sun kwashi akwatunan sun yi ciki. Ni dai na ga batirin kwance a gefensa, maigidan na tsaye kansa kamar an dasa shi.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na buɗe manyan, lafiya lau, ana ɗagawa ana sa albarka. Na jawo ƙaramin. Gindinsa a jiƙe. Nan na sa masu tsadar, leshi da shadda da atamfar da na fi so. Na yi niyyar in tura shi bayana, sai yayar uban amarya, wata dattijuwa mai ido, ta ce, "Ɗiyata, miƙo wancan."

Ta zaro shaddar ta kama gefe biyu ta girgiza, yadda ake yi don kowa ya gani. Tsakiyarta ta koma ja kamar an ƙona, ta rabe biyu a hannunta ba ko ƙara. Guɗar ta tsaya. Wata daga baya ta ce ko kayan gwanjo ne munka kawo musu. Na yi bayani, batir, hanya, rami, amma ni kaina na ji maganar ba ta da kai.

Dattijuwar ta sa aka kawo mata ruwa da toka ta wanke yatsunta, don sun fara yi mata zafi. Ta rufe akwatin, ta turo mini. Ta ce sauran ma a mayar, sai maza sun zauna.

Da za mu dawo maigidan ya ɗaura sabon batirin, mota ta tashi da bugu ɗaya. Muna shiga layinmu na hango ƙanena a ƙofar gida cikin sabuwar riga, yana ta murmushi. Ya rugo ya riƙe mini ƙofa ya ce, "Yaya, sun karɓa?" Na kasa kallonsa. Na ce ya je ya buɗe but.