Mayar da Kwanan Wata Baya

Shekara huɗu ina riƙe da kwamfutar injin surfani a shagon ɗinkin yayana a Anguwan Rogo. Tsohuwa ce tukuf, jikinta ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro, kuma ba ta jin maganar kowa sai tawa. Manhajar da ke tura zanen wuyan riga zuwa injin ta daɗe da cika wa'adinta, don haka kullum da safe sai na mayar da kwanan watan kwamfutar baya da shekara biyu kafin ta yarda ta buɗe.

Sai wani abokina ya samo min aiki a wata maɗaba'a a Kaduna. Ogan wurin ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Na gaya wa Yaya. Bai ce a'a ba, da ma ya ce ɗin da na huta. Sabuwar kwamfuta ya sayo ya dire a gabana.

"Ka sa wannan ta yi aikin waccan, yadda kowa zai iya taɓawa," in ji shi. "Ranar da ta yi, ni da kaina zan kai ka tasha."

Na zuba mata manhajar, ta shiga lafiya lau. Ina buɗewa ta rufe kanta. Na lalubo inda ake gaya wa sabon tsarin kwamfutar ya bi da tsohuwar manhaja irin na da. Ta buɗe, amma wai ba ta ga injin ba. Ga shi nan ƙato a gefenta! Na kinkime ta zuwa wurin mai gyara a Laranto, ya goge sabon tsarin ya sa tsohon, sai linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. Wallahi har ashar na ɗura mata. Teloli kuwa sai tsiya: "Injiniya, yau ma ba ku shirya ba?"

Ɗakin injin ba shi da taga. Na tsane shi, na tsani kaina da na iya abin da ba wanda ya iya.

Ran ɗaya ga wata abokina ya bugo waya, ya ce sun ɗauki wani. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na koma ciki, ga riguna jibge suna jira. Na kunna tsohuwar, na mayar mata da kwanan wata baya. Ita kam nan take ta yarda.