Kibiyar da Na Yanka da Reza

Kafin in lalace, ni maharbi ne, kuma ba yabon kai ba, a Kafanchan ta wancan lokacin da wuya ka sami mai saitin hannuna. Mahaifina gishiri da kanwa yake sayarwa. Ya so in gaje shi a rumfa, ni kuwa daji ya ɗauke mini hankali. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun san ni, ku kuma samarin yanzu ba sunan ne zai amfane ku ba.

A kasuwarmu akwai wata al'ada. Idan rani ya shigo, an kusa fita farauta, masu yin kwari da baka sukan taho daga Kagoma da Nok da ƙauyukan da ke kewaye, su baje kayansu a gindin wani mangwaro. Maharbi ba ya sayen kibiya sai an gwada ta a gabansa. Sai a kafa kututturen ayaba, a kira wanda aka yarda da hannunsa ya harba, sannan ya faɗi abin da ya gani. Idan ya ce kaya sun yi, kafin la'asar an wawashe su. Idan ya yamutsa fuska, mai kaya ya ɗaure abinsa ya koma gida. Tun ina saurayi aka fara kirana wannan aiki.

Da farko gaskiya nake faɗa. Na taɓa ce wa wani tsirkiyar bakansa ɗanyar fata ce, za ta saki da zarar ta sha raɓa, kuma haka aka yi. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: manyan mutane, sa'o'in ubana, sun yi tsit suna jiran in buɗe baki. Wallahi abin ya yi mini daɗi, kuma daɗin nan ne ya kashe ni.

Sai aka fara kawo mini goro kafin gwaji. Daga goro aka koma cinyar gada, daga nan yadin shadda. Ban roƙa ba, amma ban mayar ba. Da tafiya ta yi nisa, ni da kaina nake zagayawa da safe in gaishe da masu kaya, in ɗaga baka in ce, "Anya wannan itacen ya bushe kuwa?" Mai hankali ya gane, ya sa hannu a aljihu. Wanda bai gane ba, ya gane da rana a gaban jama'a. Ban ɗauki wannan sata ba. Cewa nake yi ai bakina ne, ra'ayina nake faɗa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ni ko ɓarin goro ba, Baba Dogara. Tsoho ne Kirista daga wajen Kagoma, dattijon coci, shi yake ƙera bakin kibiyarsa, shi yake zaɓo ƙyauron da ake yin sandar kibiyar da shi, shi yake naɗe jijiya. Musulmi da Kirista duk wurinsa suke saye. Ya san mahaifina, don haka ɗana yake ce mini. Ranar da na gwada yi masa tawa dabarar, dariya kawai ya yi.

Ya ce, "Ɗana, kibiya na shi ne zai yi magana. Kai harba kawai."

Na ji haushin maganar nan ƙwarai, na riƙe ta a ciki.

Bayan tashin hankalin da aka yi a garin a 1987, kasuwar kwari da baka ta buɗe irin yadda ba ta taɓa yi ba. Ba maharba kaɗai ba, har tela da mai shayi kowa yana son ya rataye kwari a bayan ƙofa. Mutane suna gaisawa, amma kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. A lokacin ne wani ɗan kasuwa mai suna Tanko ya fara shigo da kibau masu araha, na banza, bakinsu da gwangwani aka yi shi. Ba wanda ya kalle su muddin Baba Dogara yana gindin mangwaro. Tanko ya kira ni ya yi mini alkawarin babur. Ban ko yi jayayya ba.

Ranar kasuwa na je da wuri, na ɗauki kibiya ɗaya daga cikin na Baba kamar ina duba ta, na juya baya, na zare reza na tsaga ƙyauron a ƙarƙashin naɗin jijiya, na mayar da naɗin. Da jama'a suka taru na zaro ita wannan, na ja baka. Tana barin tsirkiya ta karye biyu, ta faɗi a gaban ƙafata. Wurin ya ɗauki salati.

Da a nan na tsaya, da laifina ya tsaya a cuta. Amma na ga idanu sun dawo kaina, kaina ya kumbura. Akwai wani mai maganin basir a gefe da lasifikarsa. Na karɓe ta, na ce wa duk kasuwa kayan Baba Dogara ruɓaɓɓu ne. Sannan na ƙara abin da ko Tanko bai sa ni ba. Na ce tsohon nan kwari iri biyu yake yi: masu kyau ya kai wa 'yan cocinsu, ruɓaɓɓu ya sayar wa Musulmi, don ranar da za a sake gwabzawa su karye a hannunmu.

Ni ɗan garin ne, na san abin da wannan magana take nufi a Kafanchan ta shekarun nan. Na sani sarai, na faɗa.

Ban ajiye lasifikar ba aka yi kan Baba Dogara. Na ga an watsar da kayansa, na ga an tattake bakunan da ya shafe damina yana gyarawa. Ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ku ji ni," wani ya sauke masa taɓarya a hannun. Wasu dattawan maharba ne suka kwanta a kansa suka cece shi, aka ɗauke shi a amalanke zuwa asibiti. Kasuwa ta watse, aka rufe shaguna, mata suna gudu da goyo. Allah ne kaɗai ya tsare garin ranar.

Sarkin Baka, shugaban maharbanmu, Musulmi ne kamar ni. Shi ya tsinci karyayyar kibiyar. Ya zo har zaurenmu ya ajiye ta a gabana, a gaban mahaifina.

Ya ce, "Ƙyauro idan ya karye da kansa, tsattsagewa yake yi. Wannan yanka ne. Kai ka yi?"

Na ce ban sani ba. Mahaifina ya tashi ya shiga gida. Sarkin Baka ya kai kibiyar caji ofis da hannunsa. Tanko kuwa da aka tambaye shi, ya rantse bai taɓa yin wata magana da ni ba. Babur ko ƙararsa ban ji ba.

A kotu ma ban daina taurin kai ba. Na ce wa majistare ni mai gwaji ne, aikina ke nan in faɗi ra'ayina. Na ce ba gwamnatin soja na zaga ba, kibiya na kushe, yaushe aka hana mutum kushe kaya a kasuwa?

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ba a hana ba. Da ka ce kibiyar ba ta yi maka ba, ko ta yi nauyi, ko ta yi tsada, ba mai taɓa ka. Da ta karye da kanta ka faɗa, ni da kaina zan kare ka. Kai yanka ta ka yi, sannan ka ƙaga wa mutum niyyar da ba shi da ita, a garin da bai gama binne mutanensa ba."

Aka same ni da laifin ɓata suna da tunzura jama'a, aka ɗaure ni.

Ba zan ba ku labarin gidan yari duka ba. Akwai ƙazwa, akwai gabza mai tsutsa, akwai bokitin ba-haya a ɗakin da muke kwana kamar an jera itace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da fursunoni suke yi wa sabon zuwa, me ka yi? Ɓarawon akuya ya faɗi nasa a yi dariya. Ni da na faɗi nawa, wani ɗan fashi ya tofar da yawu ya matsa daga kusa da ni. Mahaifina ya rasu ina ciki. Bai taɓa zuwa ganina ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da aka sake ni, na hau babur ɗin haya zuwa Kagoma. Na tarar da Baba Dogara zaune a ƙofar gida, ya rame, hannun damansa a shanye, yatsun a nannaɗe. Maƙerarsa ta zama wurin kwanan kaji. Na durƙusa, sai kuka.

Ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, na yafe maka tuntuni, don Ubangiji ya ce mu yafe. Hannu ya riga ya tafi. Amma sunana, shi nake so. Ka je wurin da ka faɗa, ka faɗa gaskiya."

Ranar kasuwa na je gindin mangwaron. Na yi hayar lasifika, na faɗi komai, rezar, babur ɗin, ƙaryar kwari biyu. Ranar da na yi ƙarya kasuwa duka ta tsaya cak. Ranar gaskiya, 'yan tsiraru ne suka waiwayo, wasu suka ɗauka magani nake talla. Ina saukowa na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa wane ne Dogaran da ake magana.

Abokin ya ce, "Tsohon nan mana, da ya riƙa sayar wa Musulmi ruɓaɓɓun kibau."

Na kama shi ina rantsuwa cewa ni na ƙaga, ya fizge rigarsa ya ce, "To idan kai maƙaryaci ne, ta yaya zan yarda da kai yanzu?"

Na koma kasuwa bayan kasuwa ina faɗa. Baba Dogara ya rasu kafin damina ta kama, kuma har yau a Kafanchan akwai masu kiran jikokinsa da wannan magana.

Samari, ku saurare ni. Idan kun sayi abu ya cuce ku, ku faɗa, da ƙarfi ma, haƙƙinku ne, kada ku ji tsoron kowa. Amma ku tsaya a kan abin da idonku ya gani da abin da hannunku ya taɓa. Kada ku karɓi ko goro don ku yabi kaya ko ku kushe su. Kada ku ce kun san abin da ke cikin zuciyar mai kaya, balle ku jawo addininsa ko ƙabilarsa cikin ciniki. Kotu ta yanke mini shekaruna, na yi su na gama. Abin da tsohon nan ya roƙe ni guda ɗaya ne tak, kuma na kasa mayar masa.