Ƙwayar da Inna ta daka a cikin fura

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na canza lamba ne, ban canza ba. Kwance nake, da na tashi kuma na rasa ta inda zan fara.

Waɗanda suka san ni sun san aikin digirina na biyu. Ina zama gaban kwamfuta ina zana siffar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ina lissafin wanne bangon hanji zai tsotsa, wanne zai bari ya wuce. A sauya ɗan reshe ɗaya a jikin sinadarin, lissafin duka ya sauya. Shekara biyu ina wannan aiki. Ku riƙe wannan, don a nan abin kunyar yake.

Zazzaɓi ya fara mini a makaranta, da ciwon kai da murɗar ciki. Gwaji ya nuna taifot. Likita ya rubuta mini ƙwayar sifro, safe da yamma. Na tattara na tafi gida Tafoki, in yi jinya a gaban mahaifiyata.

Kwana biyu ina haɗiyar ƙwayar ina amayar da ita. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana shan magani ciki wayam? Bari in dama maka hura."

Ta aika aka samo kindirmo mai kauri, ta daka ƙwayar a ciki. Na sha, ya zauna. Ban taɓa ganin ta yi murna irin ta ranar ba.

Na sani fa. Wallahi na sani. A jikin sifro akwai gefen da ke kama sinadarin kalsiyam na cikin nono. In sun haɗu sai su dunƙule, hanji ya kasa tsotsar maganin yadda ya kamata. Da hannuna na taɓa zana wannan a allo. Amma na kalli fuskarta, na ce a raina ai sau ɗaya ne.

Sau ɗayan ya kai kwana takwas.

Ran na tara cikina ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Hanyarmu ba a bin ta da yamma, sai da gari ya waye Kawu, ƙanin Inna, ya samo mota zuwa babban asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ce hanji ya huje.

Tiyata. Ledar jini biyu. Roba a hanci, roba a gefen ciki. Mako guda ko ruwa ba a bari na kurɓa ba. Ɗinkin ya yi ruwa, kullum da safe a buɗe a wanke ina cizon zane. Dattijon da ke gadon kusa da ni, da irin ciwona ya zo, a gabana aka lulluɓe shi. Na ji tsoro ƙwarai, na yi ta kalmar shahada. Bijimin huɗarmu guda ya tafi a wannan jinyar.

Amma ba wannan ya fi yi mini ciwo ba.

Wata safiya likita ya tsaya da takarduna ya ce, "Hajiya, da me yake shan maganin a gida?"

Inna ta gyara mayafi. "Da nono mai kyau, likita. Ni da kaina ni ka dama mishi."

Likita ya dube ni, don ya san karatuna. Ya ce ba zai rantse nonon kaɗai ne ba, wasu ƙwayoyin cutar sun daina jin maganin. Inna ba ta ji wannan ɓangaren ba. Ta fita baranda, ba ta dawo ba sai azahar, idanunta sun yi ja.

Na ce, "Inna, laifina ne. Ni na yi karatun, ni na yi shiru."

Ta ce, "Hannun wa ya daka?"

Alhamdu lillahi, yau ina tafiya da ƙafata. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Kawu da wani abokina da suka ba da jini, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Don Allah, in an ba ku magani ku tambaya da me za a sha. Irin su sifro da ruwa ake sha, a bar awanni tsakaninsu da nono, da kunun kanwa, da maganin gyambon ciki. In kuna amayarwa ku koma wurin likita. In kuma kun san abu, ku faɗa, ko a gaban wa kuke.

Na gama shan magani tun wata uku da suka wuce. Jiya na ce Inna ta dama mini fura, don tun ranar ba ta sake taɓa ludayin ba. Ta kawo ƙwaryar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi miƙo mini.

Ta ce, "Yaushe ka sha magani?"