Ranar Suna Ta Kira Shi Da Sunansa

Wata rana, Laraba ce, washegarin ruwan farko na damina, aka zalunci wata mata a garin Tafkin Shuni. Kada ku wahalar da kanku neman garin a taswira. Yana can ƙasar da macizai ke aron jikin mutane.

A tafkin garin akwai wani tsohon maciji mai rikiɗa. Yakan ɗauki kamannin wanda ka fi amincewa da shi, ya shigo gidanka da sallama, ya fita da abin da ka fi so.

Doka guda mutanen garin suka kafa a kansa: ba a faɗin sunansa. Sai dai a ce Dogon Baƙo. A ganinsu, ambatonsa kiransa ne. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "maciji", a ranar ake fitar da shi ƙofar gari kafin rana ta faɗi, kuma ba ya dawowa.

A wannan Larabar ake sunan ɗan Lantana, ɗanta na fari bayan dogon jira. Mata har sun laƙaba masa Nomau, tunda dab da damina ya zo.

Da azahar ɗaki ya cika, ana guɗa, ana tsokanar mai jego wai yaron hancin ubansa ya kwaso. Sai ga Gwaggo Kande ungozoma. Ita ta yanke wa yaron cibiya, ita ke dafa wa Lantana ruwan wanka safe da yamma. Ta miƙo hannu, Lantana ta ba ta yaro ba tare da tunanin komai ba.

Yatsunsu suka haɗu.

Sanyi ƙalau, kamar yanzu aka tsamo su daga randa.

Lantana ta ɗaga kai. Gwaggo Kanden da ta sani hayaƙin murhu ya cinye mata ido, kullum tana ƙifce-ƙifce tana share hawaye da bakin zane. Waɗannan idanun a bushe suke, a tsaye.

Wani ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idon. Ya yi ta yawonsa a kai.

Idon bai ƙifta ba.

Lantana ta waiga neman mai taimako. Ta haɗa ido da Asabe, yayar mijinta, ta gane ita ma ta gani. Asabe ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran ɗankwali. Guɗa ta mutu. Mata cike da ɗaki, kowace ta gani, kowace ta sami abin kallo a ƙasa.

Matar ta juya da yaro ta nufi ƙofa. Tafiya take, amma babu ƙarar taku.

Lantana ba ta da ƙarfin kokawa, jikinta ɗanye ne. In ta finciko yaron, za a matse shi a gabanta. In ta ce Dogon Baƙo, ai iyaye da yawa sun sha kiransa haka suna kuka, ya yi musu murmushi ya wuce. Kalma guda ta rage, kuma ta san abin da za ta rasa: gidan aurenta, danginta, garin da aka binne uwarta.

"Gwaggo, kawo shi ya sha."

"Ai ya ƙoshi, 'yar nan. Bari in kai shi bakin tafki ya sha iska."

"Ajiye mini ɗana, maciji."

Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ma san kalmar za ta yi wani aiki ba. Ta dai ƙi ta kira shi Gwaggo sau biyu.

Fuskar ta tsage daga goshi. Hannuwan da ke riƙe da yaro suka shige cikin jiki, yaro ya suɓuto, Lantana ta zube a gwiwa ta tare shi a cinya. Zanen Gwaggo ya faɗi fanko. Wani baƙin abu mai kaurin turmi ya sulale ta rariya yana huci, bai ko waiwayo ba.

Ashe abin da ba ya iya jurewa ke nan. Sunansa na gaskiya ne ke tuɓe masa jikin aro.

Can sai ga Gwaggo Kande ta gaske da ɗaurin itace a ka, tana ƙifta ido, tana tambayar me ya sa gidan suna ya yi tsit.

Me kuke zaton garin ya yi wa Lantana?

Mai unguwa Shekarau ya tara dattawa a zaure. Asabe ta ba da shaida cewa da kunnenta ta ji kalmar. Suka yanke cewa Lantana ce ta jawo shi, wai da ba ta kira ba, da bai bayyana ba. Mijinta yana zaune, bai tsaya mata ba.

A lura da jerin abin da kyau. Ya shigo, ya karɓi yaro, ya nufi ƙofa, sannan ta yi magana. Ɗan aji ɗaya ma ya san wanne ya riga wanne.

Kafin magariba aka fitar da ita, mai jego, goyo a baya, aka ja ƙofar gari.

Ta kafa bukka a gindin wata tsamiya. Macijin bai taɓa raɓar wurin ba. A cikin gari kuwa ya ci gaba da shiga gidaje da sallama. Yanzu mata kan faki ido su kai mata 'ya'yansu ta riƙe musu in za su gona. Har Asabe ta kai nata.

Haƙuri kuwa, babu wanda ya ba ta.

Darasi: Mugu yana samun wurin zama ne inda kowa ke kiransa da suna mai daɗi. Wanda ya faɗi sunansa na gaskiya ba shi ya kawo shi ba.

Ku tura wannan ga duk gidan da aka kori mai gaskiya aka bar macijin a ɗaki.

Shi kuma Shekarau da dattawansa, da Asabe, da mijin da ya yi shiru, gaisuwa a ɓoye ba ta wadatar ba. A gaban jama'a kuka kore ta. Ku sa a yi shela, ku tsaya a wannan ƙofar da rana tsaka, ku ba Lantana haƙuri da babbar murya, kuma ku faɗi sunan abin da ta cece ku daga gare shi.