Muryar da Ta Yi wa Dei-Dei Sallah Kafin Wata

Tun shekaranjiya ake musu a kan wa ya fi kowa murya a masu furomon talabijin, wato masu shigowa tsakanin shiri da shiri su ce maka kaza na nan tafe. Kowa na jero gwaninsa. Wasu sun koma can zamanin baƙi da fari, wasu ba su san kowa ba sai na yanzu, masu ihu kamar gobara ta tashi. Na bi duk sharhin, babu wanda ya ambaci Rilwanu. To ni zan sa shi a layi, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Rilwanu mutumin Malumfashi ne. Ya shigo Abuja da kayansa a leda, ya samu tsaron shagon tayil a Dei-Dei. Siriri ne, in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi. Amma bari ya buɗe baki, ka rantse ganga aka ajiye masa a ƙirji. Masu tallar magani ne suka fara gano shi, masu yawo da lasifika. Su kawo waya ya karanta musu maganin basir da na sanyin ƙashi, su zuba a memori su shiga gari. Shekara da shekaru muryarsa na zagaya kasuwa, shi yana shago yana jidar kwali.

Wata rana wani tsoho ya zo sayen tayil, Baba Dominic, mutumin kudancin Kaduna, tsohon mai sanarwa a talabijin da ya yi ritaya ya zauna a Ushafa. Ana cikin ciniki mai maganin basir ya wuce da lasifikarsa. Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Da tallar ta ƙare ya ce, "Wannan muryar asara take yi." Rilwanu ya ce, "Baba, tawa ce." Tsohon ya dube shi daga hula har silifa ya ce, "A ina kake ajiye ta?"

Daga nan duk Lahadi, in Baba ya taso daga coci, Rilwanu na Ushafa. Baba ba ya yabo. "Kai mota ce mai ƙarfi, ba birki," haka yake ce masa. Ya koya masa inda ake jan numfashi, da yadda ake yin shiru kaɗan kafin a faɗi sunan shiri, har mai kallo ya ajiye cokali. Shi ya kai shi wata ƙaramar tashar Hausa da ake kamawa a dish. Ba zan faɗi sunanta ba, ba ita na zo tallatawa ba.

In kun taɓa zama gidan kallo ko teburin mai shayi a wajen Dei-Dei da Zuba, kun san muryar. Ba ya ihu. Zai sauke murya ƙasa ya ce "ranar Asabar mai zuwa," sai ka ji kamar kai kaɗai ya kira gefe zai ba ka sirri. Leburori na kwaikwayonsa suna sauke siminti. Kuma cikin masu kallo babu wanda ya san fuskar mai muryar, in ban da matarsa da Ɗan'auta mai shayi, abokinsa tun zuwansa garin. Shi haka ya fi so. Sau ɗaya a sati yake shiga situdiyo, ya karanta na sati gaba ɗaya, ya koma shagonsa.

To akwai wata al'ada a aikin. Abin da ba a san yadda zai kasance ba, kala biyu ake ɗauka a ajiye. Ƙarshen azumi ma haka. Tun da saura kwanaki aka ba shi takarda biyu. Ɗaya ta ce an ga wata, gobe Sallah, barkanmu. Ɗayar ta ce ba a gani ba, gobe za a cika talatin. Ya karanta duka, kowacce da zuciya ɗaya. Baba Dominic ya tsani wannan abin. "A zamaninmu ba ma sa magana a firji," in ji shi. "Sai abu ya faru muke buɗe baki, kuma muna zaune a wurin."

Ran ashirin da tara ga azumi, wanda ke kan aiki ya jera wa kwamfuta abin da za ta riƙa sakawa, ya tafi shan ruwa. Ya ɗauko wadda ba ita ba. Bayan isha'i muryar Rilwanu ta fito, cike da fara'a, ta ce wa duniya gobe Sallah. Ta sake fitowa, ta kuma sakewa. Kafin sanarwar gaskiya ta iso cewa ba a ga wata ba, leburorin da suka wuni suna dako sun yi barci. Tashar ta farga, ta cire furomon, ta sa gyara a rubutun nan mai gudu a ƙasan allo. Da Turanci.

Rilwanu bai san komai ba, don ba ya kallon tashar a gida. Ya yi sahur, ya yi asuba a masallacin unguwarsu, gari ya waye ya nufi kasuwa. Tun daga nesa ya hango hayaƙi a teburin Ɗan'auta. Ƙwai ake soyawa, mutane sun cika benci, wasu har da sabuwar shadda.

"Ɗan'auta, lafiyarka? Me nake gani?"

"Ango na Sallah, zauna a haɗa maka mai kauri. Yau kyauta ne, kai ka kawo albishir."

"Wane albishir? Yau talatin ga wata."

Ɗan'auta ya tsaya da ludayi a hannu. Ya matso ya rage murya. "An zo nan ana cewa ba a gani ba. Na ce musu ku rabu da ni, kowace shekara sai an yi wannan rabuwar kan. Na ce wanda ya faɗa a talabijin na san shi, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai ne fa, Rilwanu. Da kunnena."

Rilwanu ya dubi bencin. Wani na tsoma biredi a shayi, wani ya riga ya suɗe kwano. Kuma wannan teburi ɗaya ne kawai. Akwai layin 'yan katako, akwai 'yan rodi, akwai kara inda ake sayar da shanu. Duk wanda ya kai loma baki a safiyar nan, da muryarsa ya kai.

Ya koma gefe ya kira Hajiya Surayya, shugabar shirye-shirye. Ya ce ta ba shi izini yanzu ya zo situdiyo ya faɗa da Hausa, da bakinsa.

"Malam Rilwanu, ai mun riga mun gyara. Yana ta wucewa a ƙasan allo tun jiya."

"Hajiya, mai dakon siminti zai karanta Turanci yana gudu? Da kunne suka ji, da kunne za a cire musu."

"Ka gane, oga yana Umra, wayarsa ba ta shiga. In muka fito muka ce mun yi kuskure, masu ba mu talla za su ji. Ka bari abin ya mutu da kansa. Kai wa ya san ka ma? Ba sunanka, ba hotonka."

"Muryata ce, Hajiya."

"Muryar tasha ce, tunda a situdiyonmu aka ɗauka. Kar ka yi abin da zai sa in kasa kare ka."

Ya yi mata godiya ya kashe wayar. Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya nufi rumfar wani tsohon kwastomansa mai maganin basir, ya ari lasifika mai rataya a kafaɗa, ya zare memorin, ya jona makirfo. Ɗan'auta ya kashe risho ya biyo shi yana cewa, "Za su gane ka fa. Wallahi za su ci mutuncinka."

"Ai don su gane nake so. In wani ya faɗa, za su ce talabijin ta fi shi sani."

Ya tsaya a bakin layin 'yan katako, ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya sauke murya daidai inda suka saba jin ta. "Jama'a, ni ne kuka ji jiya a talabijin na ce yau Sallah. Ba haka ba ne. Ba a ga wata ba. Yau azumi ne, Sallah sai gobe in Allah ya kai mu. Wanda bai ci ba kar ya ci."

Kowa ya juyo. Mutane suna duban lasifikar, suna dubansa, suna neman inda ƙaton mai muryar ya ɓuya. Wani daga saman tirela ya ce, "Kai, wannan ɗan tsamurmurin ne?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ce ranar Asabar mai zuwa mu ji." Ya faɗa. Nan dariyar ta tsaya, sai zagi ya fara. Wani ya jefo ɓawon ayaba ya same shi a kafaɗa. Bai goge ba, ya wuce layi na gaba ya maimaita.

Haka ya bi kasuwar, layi bayan layi, rana na ƙara zafi, ga azumi a bakinsa. A kara ne ya fi shan wuya. Alhaji Uthman, dillalin shanu, shi da mutanensa sun haɗa watanda, sun kayar da sa tun da sassafe, an fede har an fara kasafi. Alhaji ya tare hanya da sandarsa.

"Kai ne mai watan? To zo ka gaya wa san nan ya tashi, a yanka shi gobe."

"Alhaji, a yi haƙuri. Naman dai ba zai ɓaci ba in an soya."

"Ji shi, har da koya mini nama. Hantar da na gasa na ci fa, ita ma a soya ta? Jiya da daɗin baki ka ce Sallah, yau da daɗin baki ka ce azumi. Wanne zan ɗauka?"

"Na yau, Alhaji. Na jiya tun kafin a duba wata aka ɗauke shi. Na yau ga ni a tsaye."

Alhaji ya yi tsaki ya janye sandar. Amma ya juya ya ce wa yaransa a rufe tukunya.

Kafin azahar muryar ta dushe, sai iska ke fita. Wani ya ɗauki bidiyonsa ya watsa. Da yamma Baba Dominic ya kira, bai ko yi gaisuwa ba. "Na gani. Numfashinka ya lalace a wajen 'yan rodi, kana cinye ƙarshen kalma." Sannan ya ce, "Ka sha zuma in kun sha ruwa." Daga tashar kuwa ba wanda ya kira, ranar ko bayanta. Bayan Sallah sai ga sabuwar murya a furomonsu. Yanzu yana shagon tayil ɗinsa, yana karanta tallar makarantu da katifa ga ƙananan gidajen rediyo. Ka kawo masa takarda biyu ka ce a ajiye ɗaya, zai miƙo maka abinka.

Amma abin da ya dame shi a lokacin ba aikin ba ne. In ya ce wa kwastoma tayil ɗin nan mai kyau ne, sai wani daga gefe ya ce, "An ga wata ke nan." Limamin kasuwa ya ce duk wanda ya ci a ranar zai rama ɗaya. Rilwanu bai ci ba, babu ramuwa a kansa. Duk da haka ya bi su rumfa rumfa ya ce a sa rana ɗaya a rama tare, shi ma zai ɗauka, a sha ruwa a teburin Ɗan'auta.

Ranar ta zo da hadari, yamma ta yi duhu tun da wuri. Ga babu wuta, lasifikar masallaci ba ta aiki. Mutane sun cika benci har ƙasa, kowa da dabino a hannu, ana gardama. Wannan ya ce wayarsa ta nuna lokaci ya yi, wancan ya ce tasa da saura. Sai wani lebura, cikin waɗanda suka zage shi a layin katako, ya ce, "Malam Rilwanu, kai me ka ce?"

Rilwanu ya ce, "Ban gani ba tukuna." Ya tashi ya tsallaka titi, ya taka tayar wata tirela ya hau can saman buhunan siminti. Ya daɗe yana duban yamma, ta inda hadarin ya ɗan tsage. Ana ta ƙorafi a ƙasa bai kula ba. Sai da ƙwayar ranar ta nutse gaba ɗaya ya sauko, riga duk farar ƙura, ya dawo bakin teburin.

"Rana ta faɗi. Bismillah."

Aka kai dabino baki. Ɗan'auta ya fara zuba kunu. Alhaji Uthman kaɗai ya riƙe nasa dabinon, ya ce shi sai ya ji ladan. Rilwanu ya ɗauki kofin ruwa ya ajiye a gabansa ya ce, "Ba laifi, Alhaji, jira shi." Ya zauna kusa da shi ya sha nasa.