Tauraron Teku a Kwalin Takalmi

Shekarata ta farko ina koyar da ilimin halittu a wata kolej a Mirriya, girman kai ne ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Kullum da safe daga unguwarmu ta Zango nake shiga mota, riga a soke cikin wando, ina ji babu wanda ya kai ni sani a garin. Alhali ko teku ban taɓa gani ba. Duk abin da na taɓa riƙewa na teku yana cikin wani kwalin takalmi: busasshen tauraron teku guda ɗaya mai hannuwa biyar, wanda wani tsohon malami ya taho da shi daga Kwatano, can bakin teku, ya ara mini. Kaushi gare shi kamar dutsen goge kaushi, ga wani ɗan ƙarni da ba ya barinsa.

Ranar da na kai shi aji yara suka yi mini caa. Daɗi ya ɗebe ni, na yi ta zuba. Na ce musu wannan dabba ce, ba dutse ba, kuma in hannunta ɗaya ya guntule wani sabo ne ke tsirowa. Gaskiya na faɗa. Sai dai ban kula da wata yarinya da ke zaune a gaba ba, wadda ta ajiye biro ta zuba wa kwalin ido.

Ranar kasuwa, wajen ƙarfe goma, mu malamai huɗu muna shan shayi a gindin bishiyar bedi, sai ga ta tare da wani dattijo. Mahaifinta ne, manomi daga wani ƙauye wajen Drum. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake an ɗaure da zare, injin niƙa ne ya cinye hannun bara. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa, ya ajiye ƙullin gyaɗa a gabana. Mutumin da a haife ya haife ni!

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malaman boko a wajenmu, "yarinya ta ce kana da wata halittar ruwa mai tsirar da hannu. In da hali a ɗan ɓantaro mini ko kaɗan ne, in jiƙa in sha. Noma da hannu ɗaya ya gagare ni."

Abin yi ai ba wuya gare shi: in tashi in ba shi kujerata, in yi masa bayani a tsanake. Ina! Sai na ga abokan aikina sun zuba mini ido, na ji ina so in ba su dariya. Na juya wajensu na ce da Faransanci, wai ga irin duhun kan da muke fama da shi, gobe ma wani zai zo a jiƙa masa fiffiken jirgin sama ya sha ya tashi. Biyu suka kwashe da dariya. Na ukun ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa.

Dattijon ma ya yi murmushi, ganin malamai na dariya. Ya dubi 'yarsa.

"Me Mushe ya ce?"

Sai a lokacin na tuna yarinyar nan tana jin Faransanci sarai, ita ce ma ta ɗaya a ajin. Ta yi mini kallo ɗaya, sannan ta durƙusa kusa da mahaifinta.

"Baba, cewa ya yi ya so ƙwarai ya ba ka. Amma wannan ya daɗe da mutuwa, ba ya aiki, kuma an shafa masa maganin ƙwari, zai cuce ka. Ya ce ka yi haƙuri."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

"Madalla da shi," in ji dattijon. "Da wani ne, sai ya karɓi gyaɗata ya haɗa ni da abin banza. Ki riƙe malamin nan da kyau, mutumin kirki ne."

Ya yunƙura ya tashi, ya miƙo mini hannu, ya ce, "Ka gafarce ni, Mushe, da hagu nake gaisawa yanzu."