Ranar da Ofelia Ta Hana a Cika Batir

Shekara talatin da ɗaya Doña Ofelia Tibaduiza ta yi tana naɗin wayar injina a San Isidro, garin da ke can ƙololuwar dutse. Injin ɓare kofi, famfon ruwa, injin markaɗe, duk abin da lantarki ke juyawa, idan ya ƙone wurinta ake kai shi. A hannun mahaifinta ta koya, ta kuma gaji har da taurin kansa.

Da sabon kamfanin motocin lantarki ya fitar da jerin garuruwan da zai riƙa kai motoci da buɗe wurin gyara, babu San Isidro a ciki. Direbobin garin suka yi ta naci har aka ba su mota ɗaya, gwaji na wata guda. Idan ta jure hanyar, za a sa garin a jeri, kuma shagon Ofelia ne zai zama wurin gyara. Ofelia tana son abin nan har cikin ranta, don sana'arta mutuwa take yi a hankali. Yanzu inji na ƙonewa sai a yar a sayi sabo.

Sai ga mota tana ba su kunya. Sau uku Don Nemesio, shugaban direbobi, yana gangarawa da ita kasuwar kwari da safe, sau uku birki yana hayaƙi tun kafin ya kai gadar da ke kan hanyar. Kamfani ya turo injiniyansa, Yesid, ya zo ya ɗauke motar.

"Gangaren nan ya fi ƙarfinta, Doña," in ji Yesid, yana hura kofin da ta zuba masa. "Gobe zan tafi da ita."

Ofelia ta juya ga Nemesio da ke zaune tare da su, amininta da suke kiran juna compadre da comadre. "Compadre, ka taɓa gangarawa da ita da rana?"

"Sau biyu. Lafiya lau."

"Da safe ne kawai take hayaƙin ke nan. To, da safen, yaya batir yake?"

"Ji wata tambaya. Cike maƙil mana. Ni ɗan garin nan ne fa."

Gaskiyarsa kuwa. A San Isidro direba ba ya kama gangara sai da tanki cike, don tafiyar awa biyu ce babu gidan mai ko ɗaya. Wanda mai ya taɓa yanke wa a hanya, har jikokinsa ana yi musu gori. Da aka kawo ta lantarki, sai suka ci gaba da abin da suka saba.

Ofelia kuwa ta san halin inji. Idan gangara ta tura shi, shi ne ke haifar da wuta, kuma wannan aikin ne ke riƙe mota. Batir a cike, ina wutar za ta shiga? Tulu ne da ya cika. Sai nauyin duka ya koma kan birki. Yesid ya san haka a littafi, amma a birninsu na bakin teku bai taɓa kawowa a ransa akwai mutanen da tafiyarsu da gangara take farawa ba. Kunya ta kama shi, ya yarda a gwada sau ɗaya.

Washegari batir na kai sittin cikin ɗari, Ofelia ta zare wayar caji da hannunta.

"Comadre, so kike a yi mini waƙa a gari?" in ji Nemesio. "In ta mutu a hanya, ke za ki tura."

"Zan tura. Kai ka kame a ciki kamar amarya."

Suka kama hanya su uku. Nemesio yana tuƙi yana gunaguni, ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan lambar batir. Sittin ta zama sittin da huɗu. Gunaguni ya ragu. Da ta kai saba'in, sai ya soma fito. A gada Ofelia ta sa aka tsaya, ta sauka, ta kai tafin hannunta kusa da taya. Ɗan ɗumi kawai, babu ko ƙauri.

Sun shiga kasuwa da saba'in da takwas. Nemesio ya fito yana shelanta wa masu sayar da ayaba cewa dutse ne ya zuba masa mai kyauta, har da cewa shi dama ya yi zargin haka tun farko.

Yesid ya koma gefe ya kira babban ofis. Ofelia ta tsaya kusa, tana yi kamar lemo take tayawa.

"San Isidro," ta ji yana cewa. "Ku duba sama, can ƙarshen taswira. E, mota takwas. A'a, kada ku turo kowa daga birni, akwai mai gyara a can. Ta fi ni."

Ofelia ba mai saurin kuka ba ce, amma ranar sai da mai lemo ta miƙo mata gefen zanenta.